Murfin Kwalba: Ƙaramin Abu Mai Yanke Hukuncin Ribar Masu Ruwan Citta da Zuma a Kudancin Kaduna

KAFANCHAN — Yankin Kudancin Kaduna, musamman ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a, ya daɗe da yin suna wajen noman citta, sai dai mafi yawanta a bushe ake lodinta cikin buhuna zuwa tashoshin jiragen ruwa. Masu ƙananan sana'o'i da ke ƙoƙarin ƙara wa amfanin gonar daraja, ta hanyar ɗura ruwan citta, zoɓo, kunun aya da zuma a kwalabe, sukan kashe jarinsu a kan sukari, lakabi da firji, amma su bar batun murfi a baya. Galibi kuwa a nan ne asara take shigowa.

Babu masana'antar da ta ɗanɗana wannan darasi kamar ta giyar inabi a Turai da Ostireliya. Shekaru aru-aru ana toshe kwalabenta da ɓawon wata bishiya da ake sassaƙa duk bayan shekara 9, wadda ƙasar Fotugal ke samar da kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi. A shekarar 1982 masu bincike a Suwizalan suka gano cewa wani sinadari mai suna TCA, da kan ɓoye cikin ɓawon, shi ne ke sa abin sha warin ɗakin da ya yi danshi, ko da kuwa ɗan mitsitsi ne ya shiga. A shekarar 2000 wasu masu sana'ar a kwarin Clare na Ostireliya suka haɗa kai suka koma ga murfin alminiyam na murɗawa, makwabtansu na New Zealand suka bi sahu a 2001. Amma shi ma sabon murfin bai zo ba tare da nasa cikas ba, domin idan ya hana iska shiga ƙwarai, wasu kwalaben kan ɗauki wari irin na ƙibiritu. Wato dai kowane abin sha da irin murfin da ya dace da shi.

Haka lamarin yake a kasuwar Kafanchan. Zuma tana zuƙar danshi daga iska, kuma damina a wannan yanki tana da tsawo. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ƙayyade ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Da zarar murfi mai yoyo ya bari ya haura haka, sai ta fara kumfa da tsami. Zuma tana buƙatar murfi mai shimfiɗa a ciki wanda ke like bakin kwalba ruf.

Ruwan citta da zoɓo kuwa matsalarsu ta fi wuya. Sukarin da ke ciki abinci ne ga ƙwayoyin da ke tsimar da abin sha. In murfin ya yi sako-sako, iska da ƙwayoyin cuta su shiga. In kuma aka ɗaure shi tamau ba tare da an dafa abin shan yadda ya kamata ba, iskar da tsimin ke fitarwa ta kumbura robar, wani lokaci ta fashe a cikin mota kafin a kai Abuja ko Jos. Masu sayar da bammi sun san wannan tun fil azal, shi ya sa ba sa toshe jarka gam. Murfi nagari ba ya gyara abin da aka ɗura da ƙazanta. Kare mai tsabta kawai yake yi.

Babban abin takaici shi ne dogaro da tsofaffin robobin ruwa da na lemo da ake tsintowa. Zoben da ke ƙasan murfinsu ya riga ya tsinke, haƙoransu sun ci, don haka mai saye ba shi da shaidar cewa ba a buɗe ba. Da irin wannan mazubi ba a samun lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma manyan kantuna ba sa karɓar kayan da ba su da lambar.

Ga wanda zai iya amfani da kwalbar gilashi, murfin ƙarfe mai haƙora irin na lemon kwalba, wanda William Painter ya ƙirƙiro a Amurka a 1892, har yanzu yana cikin mafi arha, kuma na'urar matse shi ta hannu ba ta buƙatar lantarki. Gilashin yana jure a ɗura abin sha da zafinsa, abin da siririyar roba ba za ta iya ba. Cikas ɗinsa shi ne nauyi da kuɗin mota, lissafin da ya kamata ƙungiyoyin masu sana'ar su yi tare kafin su sayi murafe da kwalabe a kan sari.