Darasin Taurus ga Masu Girka Tsarin Kwamfuta

A watan Maris na 1993 ne Kasuwar Hannun Jari ta Landan ta yi watsi da Taurus, tsarin kwamfuta da aka ƙudura zai kawar da takardun shaidar hannun jari, bayan ya lashe kimanin fam miliyan 75. Shugaban kasuwar, Peter Rawlins, ya ajiye aiki.

Bankuna da dillalai da masu rajista kowa ya cusa buƙatarsa, aikin ya yi ta kumbura har ya gagari masu shi. Babban Bankin Ingila ya karɓi ragama, ya taƙaita buri, ya fito da CREST a 1996.

Duk kamfanin da zai girka irin wannan tsari, ya fara shata iyakar aikin kafin ya zuba kuɗi.