Jirgin sama haɗin gida: mai gudu za ka saya, ko mai sauka a gajeren fili?

Cikin tambayoyin da suka shigo shirin wannan mako akwai ɗaya da ta fara ba mu dariya a ɗakin watsa shirye-shirye, amma da muka zauna a kanta sai muka ga magana ce ta dukiya da rai. Wani Alhaji mai safarar albasa tsakanin Bawku da Kumasi ne ya aiko. Ya ce ɗansa ya nuna masa a waya yadda wani Bature ya haɗa ƙaramin jirgin sama a garejin gidansa, kujera biyu, gudu kamar walƙiya, kuma wai ana sayar da irinsu na hannu. Shi ba haya zai yi da shi ba, marmari ne kawai. Allah ya hore masa, yana so ranar hutu ya riƙa ɗan zagayawa sama ya ga duniya. Ya saya ko ya haƙura? Ga abin da muka tattauna, a rubuce, saboda waɗanda ke daji da dabbobi ko suke kan hanya lokacin da shirin ya fita.

Da farko dai, abin ba tatsuniya ba ne. Akwai kamfanoni da ke sayar da jirgi a warwatse cikin akwatuna, da takardar bayanin haɗi, mutum ya zauna ya harhaɗa abinsa. Wanda ya fi suna shi ne Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka, mai yin jiragen da ake kira RV. Sama da 10,000 daga cikinsu an gama haɗa su sun tashi. Aikin yakan ci awa 1,500 zuwa 2,000, ana buga ƙananan ƙusoshi dubbai a jikin alminiyon, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa mai aikin yini yakan kwashe shekaru bai gama ba. Dokar Amurka ta ce sai maginin ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, don koyo ko nishaɗi, kuma a rubuta a jikin jirgin cewa na gwaji ne. Ba a ɗaukar fasinja ko kaya da shi don kuɗi. Saboda haka mai tunanin buhun albasa ko goro zai shiga ciki ya fanshe kuɗin mai, ya cire wannan daga lissafi tun yanzu.

Kuma kada a ce abin na Turawa ne kaɗai. A Kaduna an yi. Wani kamfani mai suna AIEP ya ɗauki samfurin RV-6A, ya gyara shi ya dace da ƙasarmu, aka sa masa suna Air Beetle. Na farkon ya tashi a 1989, kuma rundunar sojan saman Najeriya ta yi odar guda 60 don koyar da sababbin matuƙa. Wato irin jirgin da Alhaji ya gani a waya, 'yan Arewa sun ɗaura masa ƙusa da hannunsu tun kafin a haife ni. Sai dai ku lura da abin da ke bayansa: masana'anta, injiniyoyi, shimfiɗaɗɗen titin sauka da malaman tuƙi.

Wasu da suka bugo waya sun tuna mana Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da duniya ta ji labarinsa a 2007, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci da babura. Ya cancanci yabo, wallahi. Amma jirginsa bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, kuma wannan fasaha ce ta ƙirƙira, daban take da sayen jirgin da za ka ɗora ranka da na ɗanka a kai.

A nan Gana kuwa, misalin da ya fi kusa da mu yana Kpong, a bakin kogin Volta. A can ne Patricia Mawuli ta fara aikin tumɓuke kututture a filin jirgi a 2007, daga nan ta koyi haɗa jirgi da gyaran inji, ta samu lasin tuƙi a 2009. Abin da nake so ku riƙe shi ne irin jirgin da suka zaɓa su haɗa a can. Ba su je ga masu gudu ba. Sun ɗauki Zenith CH 701 da danginsa, jirgi mummuna a ido, mai kama da akwatin kwano da aka sa wa fikafikai, wanda da ƙyar yake yin kilomita 130 a awa. Mutanen da suka san sararin ƙasar nan ne suka yi wannan zaɓi, kuma suna da dalili.

To, bari mu auna gudun da ma'aunin gida. Jirgin RV mai inji ƙarfin doki 180 yana yin kimanin kilomita 300 a awa. Daga Nalerigu zuwa Tamale, idan ka miƙe ta sama, wajen kilomita 120 ne. Mai gudu zai kai ka cikin minti 25, mai tafiyar hawainiya cikin kusan awa ɗaya. Zuwa Yendi ma kusan haka. Bawku kuwa tana nan bayan tudun Gambaga, kilomita 60 ko makamancin haka: minti 12 da minti 28. Salaga ce mai ɗan nisa, sama da kilomita 200. Kun ga ribar ke nan, rabin awa a mafi yawan tafiye-tafiyenmu. Kuma mutumin da ya ce nishaɗi ya fito yi, yana so ya ga yadda kogi ya ratsa daji da yadda garken shanu ke bazuwa a fadama, me zai gani a kilomita 300? Kafin ya nuna wa ɗansa kasuwar Gambaga sun wuce Langbinsi.

Abin da ake biya a madadin gudun nan a wajen sauka yake. Kowane jirgi yana da ƙaramin gudun da idan ya yi ƙasa da shi fikafikansa sun daina riƙe shi, sai ya faɗo. Na CH 701 wajen kilomita 50 ne a awa, wato gudun Motorking a hanya mai kyau, don haka yana iya sauka a fili kamar na ƙwallo. Na RV ya kusa kilomita 90. Akwai kuma waɗanda suka fi shi zafi, irin Lancair IV, mai haura kilomita 500 a awa, wanda ba ya yarda a rage masa gudu ƙasa da kimanin 120. Irinsa ne ya kashe Steve Appleton, shugaban kamfanin Micron, a Boise a watan Fabrairun 2012, jim kaɗan bayan ya tashi, kuma shi gogaggen matuƙi ne. Jirgi mai inji ɗaya, ranar da injin ya mutu a sama, dole ka sauka a inda ka samu. A wajenmu abin da za ka samu shi ne gonar dawa mai kunya, kaɗanya nan da can, suri, ko saniya ta ratso. Karo a gudun 50 da karo a gudun 100 ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, haka lissafin yake. Direbobin da ke gangara tudun Nakpanduri da kaya sun san wannan a jikinsu.

Yanzu maganar na hannu, wadda ita ce ta fi damuna. Idan ka sayi babur na hannu, ka san dubbai irinsa sun fito daga masana'anta ɗaya, kowane makaniki a tasha ya san cikinsa. Jirgin haɗin gida kuwa, kowanne da halin wanda ya haɗa shi. Wani mai haƙuri ne, wani mai gaggawa, wani kuma yakan ce shi ya fi mai zanen dabara, ya sauya abu. Mawaƙin Amurka John Denver ya sayi irin wannan jirgi, samfurin Long-EZ, daga hannun wani. Wanda ya gina shi tun asali ya ɗauke makunnin sauya tankin mai daga inda zanen ya ce, ya kai shi bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Ranar 12 ga Oktoba 1997, a gaɓar tekun Kalifoniya, man tanki ɗaya ya ƙare. Masu bincike sun ce a ƙoƙarin juyawa ya kai hannu ga makunnin ne jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa teku. Mutum ne da ya yi sama da awa 2,000 yana tuƙi, amma sabo ne a wannan jirgin.

Ba shi kaɗai ba ne. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da nazari a 2012. Ta ce jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ne suka yi kimanin kashi 21 cikin 100 na haɗurran da aka rasa rai. Fiye da rabin waɗanda suka yi haɗari a shekarar, na hannu aka saye su. Wannan fa a ƙasar da ko'ina akwai filin jirgi da malami da makaniki.

Kuɗi kuma? RV na hannu mai lafiya da wuya ka same shi ƙasa da dala 50,000, da yawa sun haura 100,000. Ardo, ka ɗauki kuɗin bijimi ɗaya a kasuwar da ka saba kaiwa, ka raba, za ka ga garke nawa ne zai tashi sama. Wannan kafin kuɗin kwantena zuwa Tema, kwastan, sake haɗa fikafikai, inshora da rumfar ajiya. Jirgi ba ya kwana a rana da ƙura kamar tarakta. Injinsa yana shan lita 30 zuwa 38 a awa, kuma yawancin irin waɗannan injuna an yi su ne don fetur na musamman da ake kira Avgas. Manyan jiragen da ke sauka Tamale wani mai suke sha, dangin kananzir, saboda haka ganin tankar mai a filin jirgi ba ya nufin akwai naka. Shi ya sa aka shirya Air Beetle na Kaduna ya iya shan fetur ɗin mota, shi ya sa kuma mutanen Kpong suka riƙe injin Rotax 912, mai shan fetur ɗin mota wajen lita 15 zuwa 18 a awa. Ko shi ɗin ma, ban da man kwalba na bakin hanya. Babur idan ya sha gurɓataccen mai sai ka tura shi gefe, jirgi ba shi da gefen hanya.

Kayan gyara daga waje za su zo, da dala. Kuma ko babban kamfani yana iya tangaɗi: a Disambar 2023 Van's da kansa ya nemi kotu ta ba shi kariya daga masu binsa bashi, waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami suka tarar an ƙara musu farashi. Ya farfaɗo daga baya, amma wanda ke Nalerigu yana jiran ƙarfe ɗaya daga Oregon ya san abin da jira yake nufi.

Sai yanayi. Matuƙin nishaɗi da ido yake tafiya, ƙa'ida tana so ya hango aƙalla kilomita 5 a gabansa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka, wani lokaci daga kasuwa ba ka hango tudu. Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, iska ta yi sako-sako, jirgi ya buƙaci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Damina kuma hadari yakan taso da la'asar ba sallama. Ga shirwa da ungulu a saman kowace mahauta.

Ku 'yan kan iyaka, ga taku. Sama ma tana da iyaka, kuma ta fi ta ƙasa tsanani. Jirgi sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Gana ta yi masa rajista, ta ba shi lamba mai farawa da 9G da takardar izinin tashi. Izinin jirgin gwaji na ƙasar da ta bayar ne, ba ya bin ka zuwa Togo ko Burkina sai sun amince a rubuce, kuma dole ka sauka a filin da ke da kwastan. Daga Bawku, jirgi mai kilomita 300 a awa yana cin kilomita 5 kowane minti ɗaya. Ka sunkuya ka duba taswira, ka ɗago, ka tsallaka Kulungugu kana cikin Burkina, ƙasar da sojojinta ke cikin yaƙi kuma ba su san da zuwanka ba. Kun tuna yadda Nijar ta rufe sararin samaniyarta gaba ɗaya a Agustan 2023. A halin da Bawku kanta take ciki ma, ƙaramin jirgin da ba a sani ba yana shawagi ƙasa-ƙasa ba abin da zai kwantar wa kowa da hankali ba ne.

Ni dai a ganina, Alhaji, kada kuɗinka su fara zuwa wajen mai sayar da jirgi. Su fara zuwa makaranta. Lasin tuƙi na mai zaman kansa yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, gwajin likita, jarrabawa, da Turancin magana da hasumiya ta rediyo. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, a nan Gana kuma hukumar da ke Accra za ta faɗa maka makarantun da ta amince da su. Awa goma na farko za su nuna maka ko marmarin na gaske ne ko na bidiyo ne, don wasu tun a juyi na biyu cikinsu ke murɗawa. Idan ka gama har yanzu zuciyarka tana sama, nemi mai saukar gajeren fili mai shan man mota, ku haɗa hannu ku uku ko huɗu ku raba nauyin.

In kuwa ka dage sai mai gudun, to kada ka biya ko sidi ɗaya kafin hukuma ta tabbatar maka a rubuce cewa za ta yi wa wannan samfurin rajista. Ka nemi littafin ginin jirgin da hotunan aikin, da littafin inji mai nuna awannin da ya yi. Ka ɗauki injiniyan da ya san samfurin, wanda ba abokin mai sayarwa ba, ya buɗe ko'ina ya duba, musamman hanyar mai da duk inda maginin ya kauce wa zane. Tashin farko bayan an sake haɗa shi a nan, matuƙin da ya saba da irinsa ne zai yi, daga dogon titi irin na Tamale, kai kana ƙasa kana kallo. Bayan nan ka yi awanni tare da malami a cikin wannan jirgin kansa kafin ka ɗauki kowa a kujerar gefe.