Tuna baya: Yarintata a Zongon Sokode da hanyar Dapaong

Watan jiya Yayana ya kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce: "Ƙanena, an taya gidan Baba fa. Ka zo mu zauna." Washegari na shiga mota daga Lome, tafiyar kilomita wajen 340, ina kallon hanya amma zuciyata tana can shekarun 1980, lokacin da duniyata duka ba ta wuce Zongon Sokode ba.

Sokode garin Kotokoli ne, waɗanda ake kira Tem, kuma akasarinsu Musulmi ne. Saboda haka ba mu taso muna jin mu baƙi ba ne, ko da yake mu Hausawa 'yan kaɗan ne. Kakanninmu fatauci ya kawo su, ta tsohuwar hanyar goro da ta taso daga ƙasar Hausa ta nufi Gwanja. Wasu suka wuce Salaga, wasu suka sauke kaya a nan, suka yi aure, suka kafa gida. A cikin gida Hausa muke yi, a waje Kotokolanci, a lekol kuma Faransanci zalla. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gida a aji, ranar ya sha bulala. Ni kam na sha ta ba adadi.

Da asuba makarantar allo, ƙarfe bakwai lekol, bayan magariba a koma gaban Malam a kewaye wutar kara. Inna kan ba ni dala biyar, in sayi koko da ƙosai har in rage canji. Ranar da aka samu dala goma kuwa sai wace, wato shinkafa da wake da barkono, wadda ko sunanta daga bakinmu ya fito. In damina ta sauka mu sulale zuwa rafin Kpondjo wanka, mu dawo ido jajur muna rantsuwar ba mu je ba.

Abu biyu ne ke tayar da garin gaba ɗaya. Na farko Adosa, bikin wuƙaƙe da ake yi lokacin Mauludi, inda maza ke goga kaifi a jikinsu kamar 'yan taurin ƙasar Hausa, ga dawakai an yi musu ado. Malam ya hana mu zuwa, mu kuma ba mu taɓa fashi ba. Na biyu ƙwallo. Ranar da Semassi ke wasa a gida, wanda ba shi da kuɗin shiga fili sai ya nemi bishiya.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne hanyar Dapaong. Baba ɗan goro ne. Ina da shekara goma sha ɗaya ya fara tafiya da ni lokacin hutu, a saman babbar mota, tsakanin huhunan goro. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, amma wuni guda take ci. A dutsen Aledjo, inda kwalta ta ratsa tsakiyar tsagaggen dutse, kowa sai ya yi tsit yana salati har a fita. Daga nan Bafilo, Kara, Kante, sai gadar kogin Oti a Mango, inda muke sauka mu yi salla. Da an wuce nan itatuwa sun fara raguwa, hunturu ya fara tsaga leɓe.

A Dapaong, garin Moba, gidan wani mai masauki Bahaushe muke sauka. Ranar Asabar kasuwa ke cika, har daga Burkina Faso ake zuwa ta Cinkasse. Aikina in yayyafa wa goro ruwa, in tsince wanda ƙwaro ya taɓa. A nan na ga Baba ya ba mutum goron jika ɗari bashi, babu takarda, babu sa hannu. Na tambaye shi, ya ce: "Ɗana, ubansa ya yi wa ubana haka." Da dare a taru a zaure a kunna rediyo a kamo sashen Hausa na BBC, tsofaffi suna gardama a kan siyasar Najeriya kamar jiya suka baro Kano.

Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ita ta karya jarin Baba, don goron daga Gana yake sayowa. Bai ƙara miƙewa sosai ba har Allah Ya yi masa rasuwa. Yanzu an yi hanyar da ta kewaye Aledjo, tafiya ta yi sauƙi, sai dai tun 2022 da aka sa dokar ta-ɓaci ta tsaro a yankin Savanes saboda hare-haren 'yan bindiga, mutum ba ya nufar arewa da sakin jiki irin na da.

Da na isa gida na tarar da zaure ya tsage, ɗakin goro ya zama wurin ajiye babura. Kuɗin da aka taya ba kaɗan ba ne, kuma Yaya yana da 'ya'ya a makaranta, ban ga laifinsa ba. Muna cikin magana Inna ta ce in kira mata jikanta a waya. Ta ce masa: "Maigidana, yaushe za ka zo ka ba ni kuɗin cefane?" Yaron ya yi shiru, can ya ce in fassara masa da Faransanci. Inna ba ta ce komai ba, ta miƙo mini wayar. Wannan laifin nawa ne, ba na lekol ba.

Mun tashi a kan cewa ba za a sayar ba bana. Zan gyara zauren, in riƙa taimaka wa Yaya da kuɗin makaranta gwargwadon hali. In hutu ya zo kuma, yaron nan wajen kakarsa zai yi shi, ko yana so ko ba ya so.