Leƙen Ciki da Kyamara: Ƙa'idojin da ke Kare Majinyaci

A Maiduguri, daga Hausari zuwa Kasuwar Monday, da wuya a tashi majalisa ba a ji mai kukan olsa ba. Ya yi wata da watanni yana sayen omeprazole a kemis, zafin ƙirji na nan daram. Ranar da likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya rubuta masa endoskopi kuwa, sai gabansa ya faɗi: wai tiyo za a zura masa ta maƙogwaro har tumbi.

Tiyon siriri ne mai lanƙwasuwa, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Basil Hirschowitz, wanda ya jagoranci ƙera irinsa na farko a Amurka a 1957, da kansa ya fara haɗiye shi. Maiduguri ma tana da suna a wannan fanni, domin daga binciken da aka yi a nan ne likita Chris Holcombe ya rubuta a 1992 cewa ƙwayar Helicobacter pylori ta yaɗu sosai a jikin mutanen Afirka, amma gyambon ciki bai kai yawanta ba. Wato ba kowane zafin ciki ne olsa ba, sai an leƙa.

Aikin yakan ɗauki mintuna kaɗan, matsala kuma ba kasafai take aukuwa ba. Idan ta zo, takan zo ne a matsayin zubar jini, huda bangon hanji, sarƙewa da amai, ko raunin numfashi saboda allurar barci. Ƙa'idojin likitoci kowace ƙofa suke neman toshewa.

Ta farko a hannun majinyaci take: awa shida ba abinci, awa biyu ba ko da ruwa. Mai olsa yakan ji tsoron yunwa, ya kurɓi kunu ko shayi da madara bayan asuba, sannan ya yi shiru da bakinsa. Wannan kunun zai rufe wa kyamara gani, yana kuma iya dawowa ya faɗa huhu. Haka mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel, da mai ciwon suga, da mai juna biyu, wajibi ne su sanar tun ranar da aka ba su lokaci, kada kuma su tsayar da magani da kansu.

Sauran na ma'aikata ne. Ana cire haƙoran roba, a kwantar da mutum a gefen hagu, a maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa. Bayan kowane majinyaci sai an goge ramukan tiyon da buroshi, an jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta, an ɗauraye, an busar. A 2015, wani babban asibitin Los Angeles ya sanar cewa mutum biyu sun rasu bayan cuta ta ɓuya a irin wannan na'ura.

Wata ƙa'idar kuma araha ce. A aikin ERCP, inda ake bin bututun maɗaciya da irin wannan tiyo don ciro tsakuwa, babban abin gudu shi ne kumburin fankiriyas. Gwajin da aka wallafa a 2012 kan mutum 602 ya nuna cewa matsin indometasin ta dubura ya rage kumburin daga kusan kashi 17 cikin ɗari zuwa 9. Yau ƙa'idojin Turai da Amurka sun ɗauki wannan hanya.

Bayan an gama, ba ci ba sha sai sanyin maganin da aka fesa kafin aikin ya saki maƙogwaro. Wanda aka yi wa allurar barci ya zo da ɗan rakiya, kada ya tuƙa mota ko keke napep sai bayan awa 24. Idan ya ga aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, zazzaɓi, ko ciwon ciki da ƙirji mai tsanani, ya koma asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, da takardar sakamakonsa a hannu.