Sa'ad da Zomo Ya Ƙi Cin Abinci, Kada Mu Jira Gobe

A wannan mako muna so mu yi magana a kan wata ƙaramar dabba wadda ta shiga gidajenmu da yawa, wato zomo. Daga Jos zuwa Kafanchan, daga Zariya zuwa Numan, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da akurkin zomaye a bayan ɗakin wani ba. Waɗansu suna kiwonsu domin nama, waɗansu domin kuɗin makaranta, a gidaje da dama kuwa zomo ya zama abokin yara, suna ɗaukarsa, suna shafa shi, har su raɗa masa suna. Amma akwai wata cuta da take kashe zomaye a ɓoye, wadda yawancinmu ba mu san sunanta ba, sai dai mu ce, “Jiya lafiya lau yake, yau kuwa mun tashi mun tarar ya mutu.” Wannan ita ce tsayawar ciki, da 'yar'uwarta mai tsanani, toshewar hanji.

Mu ma mun ɗanɗana wannan a gidanmu. A cikin zafin watan Afrilu, farar zomanyar 'yarmu ta bar harawarta da yamma ba ta taɓa ba. Muka ce zafi ne, gobe za ta ci. Kashegari ta koma lungu ta takure, ƙarƙashin akurkin kuwa ba kashi ko ɗaya, amma ba mu lura da wannan ba sai daga baya. Muka je shagon magani, aka ba mu kafso, muka kwance shi a ruwa muka ɗura mata. A rana ta uku da safe ta mutu. Yarinyar ta tambaye mu, “Baba, me ya sa ba mu kai ta asibiti ba?” Ba mu da amsa. Abin da muka koya bayan wannan rana shi ne muke so mu raba da ku.

YADDA CIKIN ZOMO YAKE AIKI

Zomon da muke kiwo ba ɗaya yake da zomon daji na ƙasarmu ba. Asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa suka rayu a kan ciyawa mai kauri. Saboda haka cikinsa a shirye yake domin ciyawa, yana kuwa aiki dare da rana ba hutawa. A ƙarshen ƙaramin hanjinsa akwai wata babbar jaka cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne suke narkar masa da ciyawa. Ƙaiƙayin ciyawa mai kauri shi ne yake tura hanji ya yi motsi. In babu shi, hanjin yakan yi sanyi.

Zomo yana yin kashi iri biyu. Akwai busasshe mai kama da ƙwayar wake, wanda lafiyayyen zomo yakan zubar kamar 200 zuwa 300 a rana. Akwai kuma mai taushi, wanda yakan fito galibi da dare ko da asuba, zomon kuma ya cinye shi nan take, gama a cikinsa ne yake samun waɗansu sinadaran gina jiki. Wannan ba ƙazanta ba ce a gare shi, haka aka yi shi.

Abu biyu kuma ya kamata mu riƙe. Na fari, zomo ba ya iya yin amai. Duk abin da ya shiga cikinsa, hanya ɗaya ce gare shi ta fita. Na biyu, zomo dabba ce da ake farauta, don haka yakan ɓoye ciwonsa, kada maƙiyi ya gane ya raunana. Sa'ad da muka ga alama a fili, to, ciwon ya riga ya yi nisa.

TSAYAWAR CIKI

Tsayawar ciki ita ce hanji ya rage motsi a hankali har ya tsaya. Sau da yawa ba ita ce tushen ciwon ba, wani abu ne ya jawo ta. Ga manyan dalilai kamar yadda muke ganinsu a gidajenmu. Muna cika wa zomo kwano da dusa, masara, burodi da sauran tuwo, ciyawa kuwa kaɗan. Muna barinsa da ƙishi, domin akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, wannan kuwa ba gaskiya ba ne. Muna ajiye akurki a ƙarƙashin kwano a rana, alhali zomo yakan sha wuya ƙwarai in zafi ya wuce digiri 30. Akwai kuma tsoro, kamar haushin kare, ko doguwar tafiya a cikin kwali a bayan babur. Akwai ciwon haƙori, gama haƙoran zomo ba sa daina tsiro muddin ransa, na gaba sukan ƙaru da kamar milimita 2 a mako, in kuwa bai sami ciyawar da za ta goge su ba, na ciki sukan yi tsini su yanke masa harshe ko kumatu, sai ya daina ci.

Da zarar ya daina ci, abu ya shiga juyawa a kansa. Hanji ya ƙara sanyi, abincin da ke cikin tumbi ya bushe ya dunƙule tare da gashin da yake haɗiya wajen lasar jikinsa, iska ta taru, ciwo ya ƙaru, ciwon kuma ya ƙara hana shi ci. Bayan 'yan kwanaki kitse yakan taru a hanta ya lalata ta, musamman ga zomo mai ƙiba, da zomanya mai ciki ko mai shayarwa. Da can an ɗauka dunƙulen gashi ne yake fara tsayar da ciki. Yanzu likitoci sun gane cewa galibi cikin ne yake fara tsayawa, sa'an nan gashin ya dunƙule.

Alamunta su ne: cin abinci yana raguwa cikin kwana ɗaya ko biyu, kashi yana ƙanƙancewa yana bushewa, wani lokaci a sarƙe da gashi kamar tsakiya a zare, daga baya ya ɗauke sam. Zomon yakan takure, yana cizon haƙora da ƙara saboda zafi.

TOSHEWAR HANJI

Ita kuwa toshewa dabam take, tana zuwa kamar ɓarawo. Wani ɗan abu, galibi ƙullin gashi mai tauri wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, wani lokaci busasshen wake ko guntun leda ko tsumma, yakan maƙale a ƙaramin hanji kusa da mafitar tumbi. Yau da ruwan ciki suna ta zuba, ba hanyar gaba, ba kuma amai. Cikin 'yan sa'o'i tumbin ya kumbura. Zomon da ya ci abincinsa da safe, da rana sai ya ƙi kome gaba ɗaya, yana kwanciya yana tashi, yana manna ciki da ƙasa. In ka taɓa bayan haƙarƙarinsa a hankali za ka ji shi tam kamar ganga. Kunnuwansa su yi sanyi, jikinsa ya saki. Irin wannan zomo yana iya mutuwa kafin gari ya waye.

Sanin bambancin nan shi ne rai da mutuwa, gama maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Zomo mai tsayawar ciki yana bukatar a ɗura masa abinci. Zomo mai toshewa kuwa, in aka ɗura masa, an ƙara wa tumbin da ya riga ya cika kaya ke nan, har yana iya fashewa.

KO ZAI TASHI?

Wannan ita ce tambayar da kowane yaro yake yi, ya kamata kuwa mu amsa da gaskiya. A ƙasashen da ake kai zomaye asibiti an yi bincike a kai. A shekarar 2019 an buga rahoton wani asibitin dabbobi na jami'a a Amurka a kan zomaye 117 masu irin wannan ciwon ciki, kimanin 7 cikin kowane 10 suka rayu. A 2014 kuma an ba da rahoton zomaye 145 masu kumburin tumbi da aka yi wa magani ba tare da tiyata ba, kusan 9 cikin 10 suka tashi, domin sau da yawa in an ba zomo ruwa ta jijiya da maganin ciwo, ƙullin yakan wuce da kansa. In bai wuce ba, sai tiyata, ita kuwa tana da hatsari ƙwarai ga zomo, da yawa ba sa farfaɗowa.

Akwai alamu biyu da suke nuna inda aka dosa. Ta fari zafin jiki. Na lafiyayyen zomo yana wajen digiri 38.5 zuwa 40. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka buga a 2016, ya nuna cewa zomon da aka kawo asibiti jikinsa ya riga ya yi sanyi, hatsarin mutuwarsa ya ninka kamar sau 3. Ta biyu sukarin jini. Wata likitar dabbobi ta Ingila, Frances Harcourt-Brown, ta nuna a 2012, bayan an auna zomaye 907, cewa sukari yakan hau sama da 20 a ma'aunin milimol ga zomo mai toshewa, amma ga mai tsayawar ciki kawai ba ya yin nisa haka. Ɗigon jini ɗaya daga kunne ya isa, da irin na'urar nan da masu ciwon sukari suke amfani da ita. Wannan gwaji ne da likitan dabbobi zai iya yi ko a ƙaramin gari.

Mu tuna fa, waɗannan alƙaluma na zomayen da suka isa hannun likita ne. Wanda aka bari a lungu kwana uku, kamar tamu, ba ya cikin lissafin.

ABIN DA ZA MU YI

In zomo ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, kada mu jira gobe. Mu nemi likitan dabbobi ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar. Waɗanda suke kusa da Zariya suna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, na Filato kuma suna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take nan tun 1924.

Kafin mu isa, mu taɓa cikin a hankali. In ya kumbura ya yi tauri, kada mu ɗura masa kome, kada mu matsa cikin, mu lulluɓe shi da zane, in jikinsa ya yi sanyi mu sa kwalbar ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma kusa da shi, mu kama hanya. In kuwa cikin yana da taushi, zomon kuma yana iya haɗiya, mu ba shi ruwa kaɗan kaɗan da sirinji marar allura ta gefen baki. Mu ajiye masa ɗanyen ganyen da ya fi so a jiƙe da ruwa. In ya ƙi, mu jiƙa abincin zomo na kanti, ko mu daka ciyawa mu dama ta yi ruwa ruwa, mu riƙa ba shi kaɗan bayan kowace awa 3 ko 4, yana zaune a kan ƙafafunsa, ba a rigingine ba, don kada ya shaƙe. Mu bar shi ya ɗan taka a inuwa, gama motsin jiki yana tada hanji. Wurin likita zai sami ruwa ta allura da maganin ciwo, waɗannan biyu su ne ginshiƙin jinyar. Farfaɗowa takan ɗauki kwana 2 zuwa 5, wani lokaci fiye. Kashin farko yakan fito ƙanana, baƙi, ba siffa, amma shi ne albishir.

Ga kuma abin da za mu guje wa. Kada mu ba zomo amfisilin, amoksisilin, ko Ampiclox ta baki. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani da ke cikin jakar hanjinsa, masu dafi su yi yawa, zomon ya mutu da gudawa. Kuskuren da muka yi ke nan. Kada mu ɗura masa man ja ko man gyaɗa, gama ba ya kwance ƙullin, yana kuma iya shiga huhu. Ruwan abarba da ake yabo ba ya narkar da gashi. Maganin tura hanji kuwa, likita kaɗai zai ba da shi, bayan ya tabbata ba toshewa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Yawancin abincin zomo, kamar kashi 8 cikin 10, ya zama ciyawa da ingirici, tuli kamar girman jikinsa kowace rana. Kyasuwa, harkiya, harawar gyaɗa da ta wake, da ganyen dankali duk suna da kyau, muddin ba a fesa musu magani ba, ba su kuma yi fumfuna ba. Mu tanadi ingirici tun da kaka domin rani. Dusa da abincin kanti su zama ƙari, ba tushe ba. In za mu sauya abinci, mu yi a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, musamman a farkon damina sa'ad da sabuwar ciyawa ta fito. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Akurki ya kasance a inuwa inda iska take ratsawa. Lokacin da zomo yake zubar da gashi mu taje shi, mu kuma kwashe leda da tsumma daga inda yake yawo.

Fiye da duka, mu koya wa yaranmu duban ƙarƙashin akurki kowace safiya. Bayan shekara ɗaya da rashin waccan zomanya, 'yarmu ce ta zo da gudu ta ce kashin sabon zomonta ya ƙanƙance, bai kuma taɓa ganyensa ba. Kafin azahar muna wurin likita. Aka tarar haƙorin ciki ne ya yi tsini, aka goge shi, aka yi masa allura, muka yi kwana 3 muna ɗura masa abinci. A rana ta huɗu ya ja ganyen dankali da bakinsa. Yana nan da ransa har yau.

'Yan'uwa, dabbar da muka rufe a akurki ba ta da ikon neman ciyawa ko ruwa ko inuwa da kanta, ba ta kuma da bakin faɗa mana inda yake mata ciwo. Hakkinta yana wuyanmu. Allah ya ba mu idon lura, ya sa albarka a kiwonmu.