Diflomar IB: Sharuɗɗanta, yadda ake ba da maki da abin da ya kamata iyaye su lura da shi

Ɗalibi na iya tara maki 31 cikin 45 a jarrabawar diflomar ƙasa da ƙasa ta IB, alhali mafi ƙarancin abin da ake nema 24 ne, amma a hana shi takardar. Irin wannan ƙa'idar ce ke ba iyaye da dama mamaki bayan sun kashe kuɗi masu yawa na shekara biyu, shi ya sa ya dace a fahimci tsarin tun kafin a sanya yaro a ciki.

Ƙungiyar International Baccalaureate, wadda aka kafa a birnin Janiba na ƙasar Siwizalan a 1968, ita ce ke kula da shirin. An samar da shi ne tun farko domin 'ya'yan ma'aikatan diflomasiyya da na hukumomin duniya, waɗanda ke bin iyayensu daga ƙasa zuwa ƙasa, su sami takarda guda da jami'o'i daban-daban za su amince da ita. Karatu ne na shekara biyu ga matasa 'yan shekara 16 zuwa 19, kuma makarantar da ƙungiyar ta tantance ce kaɗai ke da izinin koyar da shi. A Najeriya makarantu kaɗan ne ke da wannan izini, daga cikinsu akwai American International School da Greensprings, dukkansu a Legas. Ƙungiyar ba ta gindaya wata takarda da sai an mallaka kafin a fara ba; kowace makaranta ke sa nata sharaɗin, galibi sakamakon WAEC ko na IGCSE.

Ɗalibi zai ɗauki darussa shida. Na farko harshe da adabi, a yaren da ya fi ƙwarewa a kai. Na biyu koyon wani harshe na daban, kamar Faransanci ko Larabci. Na uku daga fannin mutum da al'umma, wato tarihi, labarin ƙasa, tattalin arziki da makamantansu. Sai kimiyya, sai lissafi, sai kuma fasaha irin su zane, kiɗa da wasan kwaikwayo. Wannan na shida ne kaɗai ake iya sauyawa: wanda ba ya buƙatarsa yana iya ɗaukar darasin kimiyya na biyu, ko ƙarin harshe, ko ƙarin darasi daga rukuni na uku.

Uku daga cikin darussan, ko huɗu ga wanda ya ga zai iya, dole su kasance a babban mataki da ake kira HL, inda ake ware wa kowanne awa 240 na koyarwa. Sauran kuwa a matakin gama-gari ne, wato SL, mai awa 150. Ɗaukar huɗu a babban mataki ba ya ƙara wa ɗalibi ko maki ɗaya a kan 45 ɗin, sai dai ya ƙara masa nauyi, don haka bai cancanta ba sai idan jami'ar da yake hari ce ta tilasta.

Ban da darussan shida akwai ginshiƙai uku da babu mai tsallake su. Akwai nazarin tushen ilimi, wanda ake taƙaitawa da TOK, inda ɗalibi ke tattauna yadda aka yi muka san abin da muke cewa mun sani, da bambancin hujjar masanin tarihi da ta masanin lissafi. Ana auna shi da muƙala mai kalmomi 1,600 a kan ɗaya daga cikin tambayoyi shida da ƙungiyar ke fitarwa, da kuma baje kolin abubuwa uku tare da sharhi a kansu. Akwai doguwar muƙalar bincike wadda ba ta wuce kalmomi 4,000, a kan batun da ɗalibi ya zaɓa da kansa, ƙarƙashin kulawar malami guda. Na uku shi ne CAS, wato ayyukan ƙirƙira, motsa jiki da hidimar al'umma, na tsawon akalla wata 18. Ba a ba da maki a kan CAS, amma wanda bai kammala shi ba ba shi da difloma, ko da ya cinye sauran duka.

Kowane darasi ana ba shi maki daga 1 zuwa 7, shida ke nan sun ba da 42. Ragowar ukun na fitowa ne daga haɗa sakamakon TOK da na muƙalar bincike, waɗanda ake yi wa daraja daga A zuwa E. Mai A biyu, ko A da B, ya sami ukun cif. Mai D biyu bai sami komai ba amma bai faɗi ba. Wanda ya sami E a ɗayansu kuwa ya rasa diflomar.

A nan ne lissafin da aka fara da shi ya shigo. A ɗauka ɗalibi ya sami 4, 4 da 3 a darussansa na babban mataki, ya kuma sami 7, 6 da 6 a na gama-gari, da maki ɗaya daga ginshiƙan. Jimilla 31. Sai dai ƙa'ida ta ce dole makin babban mataki ya kai 12, nasa kuwa 11 ne, saboda haka ba za a ba shi ba. Haka nan dole na gama-gari ya kai 9 ga mai darussa uku. Ba a yarda da maki 1 a kowane darasi ba, ba a yarda maki 2 ya fito fiye da sau biyu ba, ko maki 3 zuwa ƙasa ya wuce sau uku. Wanda ya gaza cika waɗannan zai karɓi takardar sakamakon kowane darasi shi kaɗai, yana kuma iya sake zama jarrabawar. Darasin da ke cikin misalin a fili yake: kuskure ne a ɗora wa yaro darasin da yake da rauni a kai a babban mataki don kawai sunan darasin na burgewa.

Ana zama jarrabawar ƙarshe ne a watan Mayu ko Nuwamba, gwargwadon kalandar makaranta, kuma sakamakon Mayu na fitowa a farkon Yuli. Amma ba ita kaɗai ce ma'auni ba. Kowane darasi na da aikin cikin gida da malamin aji ke dubawa, sannan a aika samfuri ga masu tantancewa na waje su daidaita makin. A lissafi da darussan kimiyya wannan aiki na ɗauke da kashi 20 cikin 100 na makin darasin. A harsuna kuma jarrabawar baka ce. Matsalar da ɗalibai suka fi fuskanta ita ce wa'adin waɗannan ayyuka kan taru a zangon farko na shekara ta biyu, daidai lokacin cike takardun neman jami'a. Wanda ya yi amfani da dogon hutun da ke tsakanin shekarun biyu ya rubuta daftarin muƙalarsa ya rage wa kansa wahala mai yawa. Satar rubutun wani kuwa na iya jawo soke sakamako. A 2023 ƙungiyar ta bayyana cewa ba ta haramta amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba, amma duk abin da aka ɗauko daga gare su sai an ambaci tushensa.

Zaɓen darussa ya kamata ya fara ne daga jami'ar da ake so, a dawo baya. Jami'o'in Birtaniya kan ba da gurbi bisa hasashen makin da malamai suka yi, da sharaɗin jimilla da kuma makin wasu darussa a babban mataki. Oxford da Cambridge kan nemi daga 38 zuwa sama da 40. Jami'o'in Amurka da dama kan yafe wa ɗalibi wasu kwasa-kwasan shekarar farko idan ya ci babban mataki da kyau. Tun 2019 aka raba lissafi gida biyu: AA, wanda ya karkata ga aljabara, kalkulas da kafa hujja, da AI, wanda ya fi ba da ƙarfi ga ƙididdiga da amfani da lissafi a aikace. Mai son injiniyanci ko Fiziks ya fi aminci ya ɗauki AA a babban mataki, domin akwai jami'o'in da ba su karɓar ɗayan a waɗannan fannoni. Sauya sheƙa bayan zangon farko yana da wuya ƙwarai.

Ga mai niyyar dawowa jami'ar gida, hukumar JAMB na karɓar diflomar IB a tsarin shiga kai tsaye zuwa aji biyu, amma hakan bai ɗauke masa sharaɗin kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi ba. Mai son likitanci kuma yana da wani tarnaƙi da ba kowa ke hangowa ba. Tsarin IB na yau da kullum darussan kimiyya biyu kaɗai yake bari a haɗa, alhali jami'o'in Najeriya da dama kan nemi Bayoloji, Kemistiri da Fiziks gaba ɗaya. Akwai hanyar da makaranta za ta nemi izini na musamman daga ƙungiyar domin ɗalibi ya ɗauki ukun, idan aka gabatar da shaidar cewa jami'a ce ta buƙata, amma tilas a nemi izinin tun a farkon shirin.

Wani abin da zai ja hankalin masu kishin harshen uwa shi ne, shirin ya ba da damar ɗalibi ya karanci adabin yarensa a matakin gama-gari da taimakon makaranta ko da ba ta da malamin yaren, kuma idan yaren ba ya cikin jerin da aka saba yi wa jarrabawa, makaranta na iya shigar da buƙata tun da wuri. Wanda ya ci harsuna biyu a rukunin farko da maki 3 ko fiye ana ba shi diflomar mai harshe biyu.

Kuɗin makarantun da ke koyar da shirin ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai, sannan akwai kuɗin jarrabawa a kan kowane darasi. Ƙofar da ta rage ga mai hazaƙa marar hali ita ce gamayyar makarantun United World Colleges, masu rassa 18 a duniya, ciki har da na Tanzaniya da na Eswatini. Suna da kwamitin zaɓe a Najeriya da ke tantance ɗalibai duk shekara, ana kuma ba da tallafin karatu gwargwadon halin iyayen wanda aka zaɓa.