Ƙwaron masaƙi: inda yake zaune, da inda fatauci ya kai shi

A birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, cikin gidan ajiya na Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya, akwai dubun dubatar wani ɗan ƙwaro tsome cikin ƙananan kwalabe. Masana na kiran danginsa Embioptera. Da wuya tsawonsa ya wuce santimita 2, amma masaƙi ne: daga ƙafafunsa na gaba yake fid da zaren alharini, ya saƙa ƴan hanyoyi kamar bututu ƙarƙashin ɓawon itace ko dutse, ya ɓuya ciki.

Wanda ya tara mafi yawansu shi ne Edward Ross, masanin da ya rasu a 2016 yana da shekara 100. Ya ratsa Afirka da Asiya da Ostireliya da Amurka ta Kudu yana ɗaga duwatsu. Aikin na son haƙuri, domin da namiji ake gane iri, shi kuwa namiji ba ya daɗewa a duniya. Sai Ross ya kwaso mata da ƴaƴansu da rai, ya yi ta kiwonsu har namiji ya fito.

Kowace kwalba na da ƴar takarda mai ɗauke da wuri da rana. Takardun nan suka nuna cewa ƙasashe masu zafi ne mazaunin ƙwaron: dangin Clothodidae a Amurka ta Kudu, dangin Australembiidae a Ostireliya.

To, amma wasu sun ɓulla nesa da gida, alhali tamatar ba ta da fuka-fuki. Nan fatauci ya shigo. Irin da ake kira Oligotoma saundersii asalinsa Indiya ne, jiragen ruwa suka watsa shi cikin ƙasashe masu zafi tare da kaya. Ɗan'uwansa Oligotoma nigra kuwa, ana kyautata zaton cikin dashen dabino ya isa kudu maso yammacin Amurka daga Gabas ta Tsakiya.

Sai dai taswirar ba ta cika ba, gama tana bin sawun masu tarawa ne. Iri wajen 400 aka raɗa wa suna, Ross kuwa ya ƙiyasta za su kai 2,000. Ɗaruruwa daga cikin waɗanda ya tara suna nan cikin kwalabe ba suna, kuma inda aka sare dajin da aka kamo su, ƴar takardar nan kaɗai ta rage shaida.